Laimar Yaya

Malaz, Riyad
Ranar Asabar

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga ƙanwata Mansura,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya, ke da maigidanki Maulud da yaran duka. Ya ƙafar Inna? Mu nan lafiya lau, sai zafin garin nan da ko kyanwa ba ta yarda ta fito da rana.

Kada ki yi mamakin ganin hoton takarda maimakon saƙon murya. Kin san gidan namu, in na yi tari a kicin maigidana Maikuɗi, Baban Nazira, yana ji daga falo, maganar kuwa tasa ce.

Mansura, mijinki ya iya aiki! Fim ɗin 'yan Tailan ɗin nan da ya fassara kika turo mini, Laimar Yaya, ya hana mu sakat. Na san halinki, ba kya kallon aikin mijinki, to bari in gaya miki abin da kike asara. 'Yan'uwa biyu ne uba ɗaya, ba su tashi gida ɗaya ba. Babban, Amir, mai kuɗi ne mai ɗaure fuska, in ya yi dariya sai an yi biki. Ƙaramin, Jibirilla, taliya yake sayarwa a bakin titi, ga baki ga tsiwa. Kullum cikin faɗa suke, amma Jibirilla ya yi zazzaɓi ki ga Amir ya rasa inda zai sa kansa, yana ba shi abinci a baki yana goge masa goshi.

Duk Alhamis da la'asar falona cika yake. Zaituna mai ɗinki tana bayan Amir, wai namiji ke nan, ba surutu sai aiki. Delou, 'yar Maraɗin nan da ke aiki a wani gida a Nasiriyya, ita Jibirilla ne nata, ta ce shi ma Amir ɗin girman kai zai kashe shi. Sai ranar da aka zo wajen laima. Ruwa ake kamar da bakin ƙwarya, Amir ya riƙe wa ƙanensa laima, shi kafaɗarsa tana jiƙewa, ya tsaya yana kallonsa, yana kallonsa, har na ji numfashina ya tsaya. Sai muryar mijinki ta ce, "Ƙanena, in dai ina raye ruwa ba zai taɓa ka ba." Zaituna ta fashe da kuka. Delou ce kawai ta ce, "Wanga kallo hwa ya yi yawa." Muka yi mata ca, muka ce ita dai ba ta san zumunci ba.

To ga abin da ya sa na ɗauki biro. Kin san tsakanin Baban Nazira da ƙanensa Zayyanu. Shi ya yi ta bin kafilinsa, mai ɗaukar nauyin zamansa a ƙasar nan, yana roƙo har aka ba Zayyanu biza, yaron ya zo ya zauna, ya waye, sai kawai ya mayar da iƙamarsa, wato takardar zamansa, hannun wani kafilin ba tare da ya gaya wa yayansa ba. A bakin wani direba abokin aikinsa mai suna Balarabe Baban Nazira ya ji, a gaban sauran direbobi. Tun daga ranar ko sallama babu. Gari ɗaya, mu a Malaz shi a Shifa, sallah ta zo ta wuce kowa na gidansa. Na yi roƙo, na yi fushi, na sa limami ya yi magana, a banza.

Makon jiya na fito daga wanka na tarar da mutumin nan, wanda kullum yake ce mana 'yan zaman banza masu kallon Sinawa, ya sa filas ɗin da fim ɗin yake ciki a talabijin shi kaɗai. Wajen laimar yake. Hawaye har gemu, Mansura. Ban taɓa ganin hawayen Maikuɗi ba sai ranar da mahaifiyarsu ta rasu. Na koma da baya a hankali kamar ban gani ba. Can sai na ji shi a waya yana cewa, "Zayyanu, ni ne." Na zauna a bakin gado.

Yanzu kullum sai sun yi waya. Ya tura masa fim ɗin duka. Kuma sun yi alkawari Zayyanu zai zo gidan nan su kalli kashi na ƙarshe tare. Shi ne kaɗai ba ki turo ba. Don Allah ki tsaya a kan Maulud, ko abinci ki hana shi sai ya gama.

Ki gaida Inna da kyau. Allah ya bar zumunci.

Yayarki,
Bilƙisu

*

Kano
Ranar Litinin

Wa alaikumus salam, Yaya Bilki.

Saƙonki ya iso, mun gode. Kowa lafiya, Inna ta ce a gaya miki ƙafa da sauƙi, har ta fara zuwa unguwa.

Kai, na yi murna da maganar su Baban Nazira, Allah ya ɗorar. Amma Yaya, wai har maza suka kalla? Ni da na turo miki ai don ku mata ku rage zaman kaɗaici ne. Kuma wai ya tura wa Zayyanu? Duka?

Na karanta wa Maulud takardarki. Yana cin abinci ne, sai ya ƙware, da kyar muka samu tarin ya tsaya. Ya ce in gaya miki kashi na ƙarshe yana da 'yar matsala, kwamfutarsa ce take ba shi wahala, ga wuta ba ta zama. Ya ce wai me zai hana ku bar shi haka, ai labarin ya riga ya yi daɗi, ba kowane fim ne sai an ga ƙarshensa ba. Akwai wani sabo na Indiya da ya gama, na wani ɗan sanda da mahaifiyarsa makauniya, wannan kam kowa zai iya kalla, har Inna. Zan turo miki yau.

Yaya, wata tambaya. Nazira tana kallo tare da ku? Na san yaran can da shiga intanet. Gara dai ta mayar da hankali ga karatunta.

Ki gaida Baban Nazira da yaran. Sai na ji daga gare ki.

Ƙanwarki,
Mansura

*

Malaz
Ranar Alhamis

Salamu alaikum.

Mansura,

Gaisuwar ke nan, ba ni da bakin wata. Inna kaɗai za ki gaisar mini.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ashe kin sani! Wato tarin da mijinki ya yi ba na abinci ba ne. Ni kuwa ina karanta takardarki ina cewa me ya haɗa Nazira da kwamfutar Maulud.

Bari ki ji yadda kuka tozarta ni. Yau da la'asar mata sun taru, muna maimaita tsofaffin kashi tun da sabo ya ƙi zuwa. Nazira ta dawo daga jami'a, ita da ba ta taɓa zama da mu ba, wai Hausar fassara tana mata sauri. Ta zo wucewa ta kalli talabijin, sai ta tsaya cak, jakarta ta faɗi ƙasa. Ta ce, "Mama, wannan kuke kallo? Ku?" Na ce eh mana, zauna ki koyi yadda ake riƙe ɗan'uwa. Yarinyar nan ta toshe baki. Ta ce, "Mama, wallah mu ikhwan. Ba 'yan'uwa ba ne. Habibi ne da habibi."

Na ce ta wanke bakinta. Sai ta ɗauko waya ta nemo na asalin, mai rubutun Larabci a ƙasa, ta kai mu wajen laimar nan. Mansura, a namu ana gama kallon nan sai a nuno gari ya waye, motoci suna wucewa. Ashe mijinki ne ya wayar da garin da almakashi! A na asalin ba a nan aka tsaya ba. Laimar ma faɗuwa ta yi ƙasa. Ba zan rubuta sauran ba, alƙalamin nan da shi nake rubuta addu'o'i.

Zaituna ta yi salati ta ja mayafi ta rufe fuska, amma na ga ido ɗaya a waje. Delou kuwa tashi ta yi tsaye tana tafa hannu, tana cewa, "Ban hwaɗa muku ba? Ni ma ina da yayye maza, ba wanda ya taɓa yi ma wani wanga kallo!" Sai ga Zaituna daga cikin mayafi tana cewa ita dai duk da haka Amir ya fi hankali. Muka juyo gaba ɗaya muka kalle ta, ta ce subhanallahi, bakinta ne ya kuɓuce.

Nazira ta nuna mana abin da masu kallo suke rubutawa a ƙasan fim ɗin, dubbai, da Larabci da wasu harsuna. Wata ta ce kallon nan ya hana ta cin abinci. Wata ta ce in ba su shirya ba a ƙarshe ita da fim har abada. Wasu na bayan babban, wasu na bayan ƙaramin, suna ta zagin juna, daidai irin faɗan Zaituna da Delou. Wato mu da su abu ɗaya muke wa ihu, su sun san abin da suke kallo, mu ba mu sani ba. Na tambayi Nazira ita ina ta san shi, ta ce rabin 'yan ajinsu suna kallo a ɓoye. Wannan kuma wani zaman ne zan yi da ita.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne kaina. Bayan mata sun watse na ce ta karanta mini ainihin abin da Amir ya faɗa a ƙarƙashin laimar. Ta karanta. Kusan abin da Maulud ya faɗa ne, babu "ƙanena" kawai. Kuma ƙirjina ya sake yin irin abin da ya yi ranar farko. Na yi istigfari ya fi a ƙirga, amma ƙarya nake in na ce ba na son sanin yadda suka ƙare.

Wannan duk mai sauƙi ne. Mata sun rantse ba mai ɗaga maganar, ko don tsoron ƙasar da muke ciki, inda abu kaɗan ke sa a tattara wa mutum kayansa. Matsalar Maikuɗi ce. Da kunnena na ji yana ce wa Zayyanu a waya, "Ka duba da kyau, ni ne Amir, kai ne Jibirilla." Mansura, shekaranjiya mutumin nan ya shiga kasuwar Baɗha ya sayo laima. Laima, a Riyad, a tsakiyar bazarar da ko gajimare babu! Baƙa, irin ta fim ɗin sak. Ya naɗe ta a leda ya ɓoye bayan kujera, wai kyautar Zayyanu ce.

Kin san shi da gudun abin kunya. Maganar da Balarabe ya yaɓa masa a gaban direbobi ita ta raba shi da ƙanensa shekara da shekaru. To in ya ji a kan wane irin fim ya zubar da hawaye, ya kira ƙanensa ya ce ni ne wannan kai ne wancan, wallahi ba zai sake iya haɗa ido da Zayyanu ba har ya mutu. Shi kuma Zayyanu zai ɗauka izgili aka yi masa.

An sa rana, Juma'ar sama, bayan masallaci. Kuma jiya Zayyanu ya ce in na Kano ya ƙi zuwa, akwai wani ɗan Filifin a wajen aikinsu na gyaran na'urar sanyaya ɗaki da ya iya nemo kowane fim. Baban Nazira ya ce a'a, shi na Hausa yake so. Yau ya ce a'a, gobe fa?

Ki miƙa wa mijinki takardar nan, ya ba ni amsa da hannunsa.

Bilƙisu

*

Kano
Ranar Asabar

Bismillahir rahmanir rahim.
Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Zuwa ga babbar yaya, Hajiya Bilƙisu,

Bayan gaisuwa ta girmamawa da neman afuwa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ki cikin sanyin zuciya, ko da kaɗan ne.

Hajiya, na karɓi laifina, amma ina roƙon ki ji yadda abin ya faru. Ni ba na jin yaren Tailan, ko kalma ɗaya. Babu mai ji a cikinmu. Yadda muke aiki shi ne, a kawo mana finafinai cike da na'ura, in zaɓi ɗaya, in kashe sauti, in zauna in kalli fuskoki da hannuwa har labarin ya fito mini, sannan in ɗora murya. Kuma ba ma jira mu ga ƙarshe, kashi-kashi muke yi muna saki, don in ka tsaya wani zai riga ka.

To na ga maza biyu. Suna cin abinci kwano ɗaya, wannan ya riƙe hannun wancan sun tsallaka titi, sun sa riga iri ɗaya. Hajiya, a garin nan aboki yana riƙe hannun abokinsa tun daga Ƙofar Mata har Kantin Kwari ba wanda zai waiwaya. Ni da aminina anko muke yi duk sallah. Me zan ce su ne in ba 'yan'uwa ba? Da zuciya ɗaya na raɗa musu suna, na ba su uba ɗaya, har na yi wa uban rasuwa mai kyau.

Sai da fim ya karɓu, masu tura finafinai a waya suna ta kirana, sannan na iso wajen laima. Ina cikin magana a makirfo abin ya faru a gabana. Na cire abin kunne na fita waje na tsaya a rana. Da na dawo na ga hanya biyu ce, ko in fito in ce wa jama'a ga abin da na sa suka kalla da iyalansu, ko in sa almakashi. Na sa almakashi. Daga nan duk inda na ga sun yi shiru sun matso kusa, sai in wayar da gari. Akwai kashin da gari ya waye sau huɗu, ba wanda ya yi ƙorafi.

Kwamfutata lafiyarta ƙalau. Matsalar kashi na ƙarshe ita ce, daga farkonsa har ƙarshensa biki ne. Nasu. Su biyu a gaban jama'a da fararen kaya, ga furanni, ga zobe. In na yanke duk abin da ya kamata a yanke, abin da zai rage wani kare ne da bakin teku.

Shawarata a gaya wa Alhaji gaskiya, ni zan kira shi da kaina in ɗauki zagin. In kuma kin ga akwai wata hanya, ni mai bin umarni ne.

Allah ya huci zuciyarki, ya rufa mana asiri baki ɗaya.

Naku mai neman gafara,
Maulud

Yaya Bilki, ni ce Mansura, na karɓi biron. Wallahi sai bayan na turo miki ya gaya mini, kunya ta hana ni faɗa. Kada ki yarda ya kira Baban Nazira. Na kalli kashin, kuma ni ban ga abin wahala ba. A ina aka taɓa ganin amarya a wajen ɗaurin aure? Ai maza ne zalla, ango da waliyyinsa da jama'a. To Jibirilla ne ango, Amir ne waliyyi, amarya tana gida cikin lalle. Na gaya masa, ya ce in bar shi ya yi tunani. Tunanin me? Ki ba shi umarni kawai.

*

Malaz
Ranar Lahadi

Wa alaikumus salam.

Maulud, na ji bayaninka, kuma ban huce ba. Ka yi yadda matarka ta ce. Na kwana ina juya maganar gaya masa gaskiya, na tashi na ga laimar nan a bayan kujera, na kasa. Alhakin ƙaryar nan mu raba shi ni da kai, amma naka kason ya fi yawa.

Ka ba amaryar suna da dangi, kada ta zama kamar aljana. Ka sa Amir ya yi magana mai kyau a kan 'yan'uwantaka. Kuma ka duba almakashinka da kyau, in laima ta sake faɗuwa a falona, kada ka sake ka zo tarata a filin jirgi.

Ya iso nan kafin Alhamis. Mansura, Allah ya yi miki albarka, duk da ke ma ina da magana da ke.

Bilƙisu

*

Malaz
Juma'a da yamma

Assalamu alaikum, Mansura.

Ina fatan kuna lafiya. Yanzu suka fita, Baban Nazira ya tafi mayar da Zayyanu Shifa.

Zayyanu ya zo. Ya yi furfura a gemu, Mansura, yaron da na sani da tsalle-tsalle. Suka tsaya a bakin ƙofa kowa ya rasa abin yi, sai gaisuwa suke ta maimaitawa, ya aiki, ya zafi, ya aiki. Da na ga abin ba zai ƙare ba na ce to miji ƙarami, in ba za ka shigo ba in miƙo maka shinkafar kabsar nan waje. Ya yi dariya ya cire takalmi. Kwano ɗaya na zuba musu, da gangan.

Aka sa fim. Na aiki Nazira gidan Zaituna don fuskarta ba ta iya ɓoye komai. Ni kuwa na tsaya a ƙofar kicin da ludayi a hannu, ina karanto duk addu'ar da na sani.

Ki gaya wa mijinki Allah ya shirye shi, amma gwani ne. Amarya Jamilatu, 'yar wani mai sayar da kifi, kunya ta hana ta fitowa. Wata tsohuwa tana kuka a cikin taron, ya ce gwaggonta ce. Da Amir ya kama hannun Jibirilla zai sa masa zobe, sai na ji Maulud yana cewa, "Wannan zoben babanmu ne, ya ce in ba ka ranar aurenka. Na riƙe shi da fushi, yau na ba ka da hannuna. Ni ne babba, ni ya kamata in fara nemanka." Daga nan suka matso kusa, sai gari ya waye. Kare ya fito a bakin teku. Tun da nake ban taɓa murnar ganin kare irin ta yau ba.

Baban Nazira ya miƙa hannu bayan kujera ya jawo ledar nan ya ɗora wa ƙanensa a cinya. Zayyanu ya buɗe, ya ga laima. Ya sunkuyar da kai. Sai ya ce, "Yaya, da na gaya maka kafin in canza kafili. Tsoro na ji." Maikuɗi ya ce, "Halas, ya wuce." Na shige kicin na buɗe famfo don kada su ji ni.

Ina cikin wanke-wanke sai ga Zayyanu ya kawo kwano. Ya ajiye, ya rage murya ya ce, "Matar Yaya, a gaida mai fassarar nan. Jamilatu kam ta sha ɓoyo." Kofin da ke hannuna ya faɗi cikin ruwa. Ashe tun ranar da aka tura masa fim ɗin, ɗan Filifin ɗin nan ya leƙa wayarsa ya yi ta dariya, ya zayyana masa komai. Ya ce da farko ransa ya ɓaci har ya ɗauki waya zai yi rashin mutunci. Sai ya tuna yadda muryar yayansa take rawa da ya ce, "Zayyanu, ni ne." Ya ce, "Shi abin da ya gani a ciki daban ne, ni kuma shi nake so. Don girman Allah kada Yaya ya ji." Har maganar nan da ya yi ta sa ɗan Filifin ya nemo mana fim, wai gwada ni yake ya ga ko na sani. Na ɗaga ludayi, ya gudu.

Na leƙa ta taga da za su shiga mota. Rana tana dukan ƙasa, ga Zayyanu ya buɗe laima ya riƙe a kan yayansa, masu baƙala, kantin nan na ƙasan gidanmu, suna kallonsu.

Yanzu saura in riƙe bakina har kabari. Ki taya ni addu'a, kin san ba gwanar hakan ba ce. Ki gaida Inna.

Yayarki,
Bilƙisu

*

Malaz
Asabar da safe

Salamu alaikum, Mansura. Kun tashi lafiya?

Yau da safe kafin ya fita, Baban Nazira ya zare filas ɗin daga talabijin, ya sa a ƙasa ya take da dugadugi. Ya ce, "'Yan matan da nake kaiwa makaranta a bas, kina tsammani me suke kallo a bayana suna ihu? Tun kafin in sayi laimar nan na gane fuskokin."

Ya sa hularsa ya ce, "Ni ƙanena na yi wa kuka, ba su ba. Ki gaya wa Maulud ya ji tsoron Allah, kuma na gode." Har ya kai ƙofa ya juyo. "Zayyanu yaro ne mai kunya. Kada ki kuskura ya sani."

Na ce to. Juma'a mai zuwa mu ne a Shifa.

Ki gaida kowa. Na ɗan sandan nan da mahaifiyarsa, kada ki turo sai kin kalla da idonki har ƙarshe.

Yayarki,
Bilƙisu